Hukuncin Mayar da Bashin Katin Kiredit Zuwa Wani Kati Domin Rage Kuɗin Ruwa

Tambaya:

Musulmin da ke zaune a Amurka ko Ingila, bashin katin kiredit ya taru a kansa, kuɗin ruwa yana hawa duk wata. Wani banki ya yi masa tayin ya mayar da bashin kan sabon kati, babu ruwa na wasu watanni. Shin ya halatta? Kuma ya rufe tsohon katin ne, ko ya bar shi don kada makinsa na cancantar bashi ya faɗi?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Na farko: Katin da aka sharɗanta ƙarin kuɗi a kansa idan an jinkirta biya, ƙulla yarjejeniyarsa haramun ne, domin riba ce. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 12 a Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da shi ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin ruwa ya hau. Hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya nuna la'ana ta haɗa mai cin riba da mai bayar da ita. Wanda ya riga ya faɗa, wajibinsa tuba, da daina amfani da katin, da gaggauta biya.

Na biyu: Wannan mayar da bashi ba ita ce hawalar da malaman fiƙihu suka halatta ba. Sabon rance ne: banki na biyu yana biyan na farko, sannan ya ɗora lada, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na bashin. Ladan da ke ƙaruwa da girman rance riba ce. Kuma idan wa'adin rangwamen ya ƙare da saura, ruwa zai hau kan sauran.

Saboda haka sai a fara da hanyoyin halal: neman rance mai kyau wurin dangi ko jama'ar masallaci, sayar da abin da ba a buƙata, da roƙon banki ya dakatar da ruwa. A Ingila da Wales akwai tsarin gwamnati tun 2021 da ke tsayar da ruwa na kwana 60 ga wanda ya nemi taimakon masu ba da shawara kan bashi. Haka nan wanda bashi ya fi ƙarfinsa yana cikin masu karɓar zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, matuƙar ya tuba.

Na uku: Idan waɗannan ƙofofi suka toshe, akwai malaman da suka yi rangwame bisa ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Misali: bashin dala 6,000 da ruwan kashi 24 a shekara yana haifar da kusan dala 120 duk wata. Ladan mayarwa na kashi 3 dala 180 ne, sau ɗaya. Idan wa'adin wata 18 ne, biyan dala 344 duk wata zai kashe bashin. Sharaɗi shi ne ya zama yana da ikon biyan hakan, kada ya makara ko sau ɗaya, kada kuma ya sayi komai da sabon katin. Wanda ba zai iya ba, ya ƙara wa kansa yarjejeniyar riba ce kawai. Ya kai takardun ga malami amintacce a garinsu kafin ya sa hannu.

Na huɗu: Makin cancanta yana duba kason da mutum ya ci daga iyakar katunansa, kuma masana suna ba da shawarar kada ya wuce kashi 30. Rufe kati yana rage jimillar iyakar, sai makin ya ɗan sauka. Amma biyan bashin shi ne abin da ya fi ɗaga shi, kuma ba a riƙe yarjejeniyar riba don kare maki. Da zarar ya gama biyan kati, ya rufe shi, ya koma katin da ke cire kuɗi daga asusunsa kai tsaye. Idan katunan suna da yawa, ya biya mafi ƙarancin abin da aka wajabta a kowanne, ya zuba rarar a kan mai ruwa mafi tsada.

Ya kuma rubuta basussukansa cikin wasiyya, domin ana biyan bashi kafin rabon gado.

Allah ne Mafi sani.