Kada mu yi gaggawar binne faifan fulofi

Duk wanda ya yi aikin ofis a Zango ko Daura daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ba zai manta da ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da ake kira fulofi ba. Abin da yake ɗauka bai wuce megabait 1.44 ba, amma a cikinsa aka adana jerin albashi, sakamakon jarrabawa da kundayen ɗalibai. Yau yana yashe a durowa, ƙurar hunturu da zafin bazara suna cin sa. Kamfanin Sony ya daina ƙera shi tun 2011.

Kuskuren da da yawanmu ke yi shi ne, da zarar kwamfuta ta ƙi buɗe faifai sai mu ce ya mutu, ko mu amsa tayinta na yi masa fomat, wato a share shi. Kafin mai karatu ya yanke wannan hukunci, ya gwada Linux, babbar manhajar nan ta kyauta da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 1991.

Da farko a buɗe 'yar tagar da ke kusurwar faifan, domin hana rubutu a kansa. Sannan a tabbatar kwamfuta ta ga na'urar karanta shi. Ta cikin tsohuwar kwamfuta sunanta /dev/fd0, idan kuwa ba ta bayyana ba, umarnin modprobe floppy kan tashe ta. Wadda ake jonawa ta USB takan zo da suna irin /dev/sdb.

Mataki na gaba shi ne ɗora faifan da umarnin mount. A nan Linux kan duba sashen farko mai bait 512 don gane tsarin da aka jera bayanai. Idan ta kasa ganewa, sai a faɗa mata kai tsaye da mount -t vfat, tun da galibin faya-fayenmu tsarin FAT12 ne na zamanin DOS da Windows. In har ta ci gaba da ƙi, to wataƙila sashen ya lalace, amma sauran bayanan suna nan. Sai a kwafe faifan dungurungum da ddrescue, a yi aikin ceto a kan kwafin, don kowane juyi yana ƙara goge tsohon faifai.

Hatta Japan sai a 2024 ta soke dokokin da suka wajabta amfani da fulofi a ayyukan gwamnati. Saboda haka ba mu makara ba. Ya kamata ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, su tattaro tsofaffin faya-fayensu, su nemi ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura su kwashe abin da ke ciki. Wata rana hujjar ɗan fansho tana iya kasancewa a nan. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa mu dace.