Guje-guje a Manyan Makarantun Sakkwato: A Fara da Koci

Duk sa'ad da aka tayar da zancen wasannin guje-guje da tsalle-tsalle a manyan makarantunmu, kukan farko na fili ne: a samo kuɗi a shimfiɗa hanyar tsere ta roba mai mita 400. Kukan yana da hujja, amma ba daga nan ya kamata a soma ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da gasar NUGA ta jami'o'i da ake yi tun 1966. Kwalejin Umaru Ali Shinkafi tana da gasar NIPOGA ta kwalejojin fasaha, garin kuma yana da filin wasa na Giginya. Wurin gudu da gasar zuwa akwai su. Abin da ke mayar da ɗalibi mai sauri ɗan tsere shi ne koci na dindindin.

Wannan wasa tarin wasanni ne. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, inda Najeriya ta dawo hannu rabbana, an raba zinare 48 a fanninsa kaɗai. Mai koyar da jifan mashi ba shi ne mai koyar da tseren mita 5,000 ba, shi ya sa manyan jami'o'in Amurka ke raba aikin tsakanin masu horarwa da dama. Ta irin wannan tsari Tobi Amusan ta bi a Jami'ar Texas da ke El Paso, kafin ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022. Ko a can ɗin ma kuɗin a ƙididdige yake: shekaru da yawa dokar wasannin jami'o'insu ta taƙaita tallafin karatu ga kwatankwacin gurbi 12.6 na maza da 18 na mata, ana gutsuttsura shi ga 'yan wasa masu yawa.

Za a ce ai Amurkawa suna ɗaukar wannan nauyi ne da kuɗin talabijin na ƙwallonsu, mu kuwa ɗakin kwanan ɗalibai da ruwan sha ma ba su wadata ba. Gaskiya ne, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa bai kamata a kwaikwayi girmansu ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Ƙaramar tawaga da ta tsaya kan tseren matsakaicin zango da dogon tsalle ba ta buƙatar kaya masu tsada. Buƙatarta koci biyu, takalma, abinci mai kyau da kuɗin mota zuwa gasa. Ɗaya daga cikin biyun ta zama mace, domin a Sakkwato iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu hannun koci namiji ba. Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, ya riga ya yanke lokacin atisaye: bayan sallar asuba, wanda kuma sai ma'aikaci mai albashi ne zai jure fitowa kullum.

Matsalar ita ce yadda kuɗin ke shigowa. Asusun TETFund yana gina gine-gine, yana tura malamai ƙaro ilimi, amma ba ya biyan albashi, don haka ya fi sauƙi shugaban makaranta ya nemi fili fiye da ya ɗauki koci. Hanyar da ta rage ita ce kuɗin wasanni da jami'o'i da dama ke karɓa lokacin rajista. A ware wa guje-guje kasonsa daga ciki, a kuma bayyana wa ɗalibai nawa aka tara da inda ya tafi kowace shekara.