Art Shell: Ƙaton yaron da ya tsare bayan wasu har ya zama shugabansu

'Yar'uwa, idan Allah Ya ba ki ɗa mai ƙaton jiki, mai shiru-shiru, wanda ba a cika tafa masa a makaranta ba, zauna ki ji labarin Art Shell.

An haife shi a 1946 a birnin Charleston na Amurka, zamanin da baƙaƙe da farare ba sa zama makaranta ɗaya a yankin. Shi ne babba a gidansu. Yana ɗan shekara 15 mahaifiyarsa ta rasu, ya koma taya mahaifinsa rainon ƙannensa. Tun a nan ya koyi tsare na bayansa.

Ƙwallon Amurka ba irin tamu ba ce. Da hannu ake jefa ta, a runguma a ruga da ita. A sahun gaba akwai ƙarti biyar da ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa. Ba su ke cin ƙwallo ba, aikinsu su tare abokan hamayya kada su danne mai jefawa. In an yi nasara a yabi wani, in an yi kuskure a kira sunansu. Shell ya tsaya a gefen hagu na wannan sahu, a ƙungiyar Raiders, daga 1968 zuwa 1982.

A wasan ƙarshe na Super Bowl a Janairun 1977, ya tare Jim Marshall na ƙungiyar Minnesota har aka tashi bai kama kowa ba. Raiders ta ci 32 da 14. Sau biyu ya ɗauki wannan kofi yana ɗan wasa, sau takwas aka zaɓe shi cikin gwanayen shekara.

Da ya ajiye wasa bai bar gidan ba, ya zama mai horar da 'yan sahun gaba. A Oktoban 1989 mai ƙungiyar, Al Davis, ya ba shi ragamar babban koci. Rabon da a ga baƙar fata a wannan kujera a gasar NFL tun zamanin Fritz Pollard a shekarun 1920. A 1990 ya ci wasa 12 cikin 16.

Amma duniya rawar 'yan mata ce. Bayan kakar 1994 aka sallame shi, duk da ya ci wasa 54 ya faɗi 38. Daga baya Davis da kansa ya amsa cewa kuskure ya yi. An dawo da shi a 2006, sai dai wasa 2 kacal ya ci cikin 16, aka sake sallamarsa.

To, me ya shafe ki? A asibiti nakan ji uwa na kiran ɗanta "buhu" ko "sarkin ci" a gabansa, tana dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Girman jiki ba laifi ba ne. Abin da yake buƙata shi ne motsa jiki, rage lemon kwalba, da duba lafiya. Shirun ma ba wauta ba ce. Ki lura da shi: shi ke raka ƙannensa Islamiyya? Shi ke raba faɗa? Ki yaba masa yau, da bakinki, a gaban 'yan'uwansa.

Kina da irin wannan yaron? Ba mu labarinsa a ƙasa.