Hoton Gada da Hoton Ɗaki: 'Ya'yan Fatake a Dengfeng

Shirin musamman na yau ya nufi unguwar Dengfeng da ke gundumar Yuexiu a birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, domin duba wani al'amari da ba kasafai ake tabo shi ba idan ana maganar fataucin 'yan Afirka a can, wato yadda ake ɗaukar hoton iyali da na yara, da abin da hotunan ke adanawa, da kuma abin da suke bari ya salwanta.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 fatake daga Mali da Gini da Senegal da Nijar da arewacin Najeriya suka fara sauka a yankin Xiaobei, wanda Dengfeng ke cikinsa, kuma abin da ya ja akasarinsu shi ne kasancewar Musulmin ƙasar Sin, 'yan ƙabilun Hui da Uighur, suna sayar da abincin halal a wurin, alhali 'yan kasuwar kudancin Najeriya sun fi karkata zuwa Sanyuanli. Tsakiyar unguwar irin wurin nan ne da masana tsarin birane ke kira ƙauyen cikin birni, ma'ana tsohon ƙauye da birni ya girma ya kewaye shi, masu filaye suka yi ta ɗora bene kan bene suna ba da haya, har lunguna suka ƙuntata, rana ba ta kaiwa ƙasa sai da tsaka. A watan Oktoba na 2014 hukumomin birnin sun ce 'yan Afirka kimanin 16,000 ne ke zaune a Guangzhou. Mafi yawan Hausawan da ke zuwa, daga Kantin Kwari ko Sabon Gari ko Maraɗi, baƙin 'yan makonni ne, su sari kaya su cika kwantena su koma; amma akwai waɗanda suka zauna suna dillanci da aikin tura kaya, wasu suka ɗauko iyali daga gida, wasu kuma suka auri Sinawa, kuma 'ya'yansu ne maganar ta shafa.

Hoton da ya fi shahara daga wannan yanki a kan gada aka ɗauke shi. Akwai wata gadar sama ta masu tafiya da ƙafa kusa da dogon benen kasuwanci na Tianxiu, inda wasu Sinawa biyu, Wu Yong Fu da Zeng Xian Fang, suka mayar da ɗaukar hoton masu wucewa sana'a: ƙaramar kyamara a hannu, na'urar buga hoto a gefe, mutum ya tsaya ya zaɓi benen da yake so ya fito a bayansa, cikin 'yan mintoci a miƙa masa katinsa ya biya. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Daniel Traub, wanda ya fara aiki a kan gadar a 2009, ya tattara hotuna sama da 25,000 daga wajensu, ya zaɓi wasu ya fitar a littafin Little North Road a 2015. Wanda ya duba su zai ga mata cikin atamfa da leshi, maza cikin kwat ko kaftani, wani ya kara waya a kunne, kowa ya gyara tsayuwa yadda yake so a gan shi a gida.

Bai kamata a raina irin wannan hoto ba, domin shi ma yana da asali mai daraja a Afirka ta Yamma, tun daga ɗakin ɗaukar hoto da Seydou Keïta ya buɗe a Bamako a 1948, har zuwa hoton sallah da na saukar karatu da kowane Bahaushe ya sani, inda ake yi wa yaro wanka, a sa masa sabon ɗinki da hula, a ce ya tsaya cak kada ya motsa. Hoto ne na mutunci, mai shi ne ke da iko a kan yadda zai bayyana, kuma ga baƙon da ake yawan kallonsa ta fuskar takardun biza da binciken 'yan sanda, wannan iko ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai saƙonsa guda ne, wato an iso lafiya kuma kasuwa na tafiya, ba ya faɗin wanda ke raino idan uwa ta tafi shago, ko harshen da yaro ke yin rigima da shi.

Waɗannan abubuwa sai a hoton da ba a shirya ba, wanda wasu ke kira hoton bazata, wato wanda ake ɗauka mutum yana cikin harkarsa, ba a umarce shi ya kalli kyamara ko ya yi murmushi ba. Wani Basine mai ɗaukar hoto, Li Dong, ya bi wannan hanya a titin Baohan da ke tsakiyar Dengfeng, inda ya kama ɗaki ya zauna cikin mutanen unguwa na tsawon watanni kafin su saba da shi su daina lura da kyamararsa, kuma an baje kolin aikin a birnin Kolon na Jamus a 2014. Abin da ya ci masa watanni, uwa da uba suna da shi a kyauta, tun da yaro ba ya jin nauyin wayar da ke hannun mahaifiyarsa. Ita ce kaɗai za ta iya kama shi yana zaune a kan kwalin takalman da za a tura Kano, yana ƙoƙarin cin taliya da sandunan cin abinci na Sinawa, ko kuwa ranar Juma'a yana riƙe da gefen rigar babansa a cunkoson masallacin Xianxian, inda al'adar Musulmin garin ta ce kabarin sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake.

Dalilin da ya sa irin wannan hoto ya fi muhimmanci a Dengfeng fiye da a Fagge ko Zangon Kumasi shi ne ƙuruciyar da ake yi a can ba ta da tabbacin ɗorewa. Shiga makarantar gwamnati a ƙasar Sin yana rataye ne sosai da rajistar gida da ake kira hukou, wadda ke ɗaure haƙƙin karatu da magani da garin da aka yi wa mutum rajista, kuma ɗan baƙo ba shi da ita. Makarantun ƙasa da ƙasa suna da tsada. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1980 ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Zaman uba kuwa ya dogara ga sabunta biza. Saboda haka iyaye da dama kan mayar da yaro gida idan ya isa shiga makaranta, ya koma hannun kaka ko gwaggo, cikin 'yan shekaru Sinancin da ya iya ya zube, ɗakin da ya yi rarrafe a ciki an ba wani haya. Yaron da ya tashi a gidan gado yana da bango da bishiya da tsofaffin unguwa da za su tuna masa ƙuruciyarsa, shi kuwa wannan ba shi da shaida sai abin da aka ɗauka.

Akwai kuma wani sauyi da hotunan cikin gida ke nunawa wanda ya cancanci nazari. A al'adar Hausa iyaye kan yi kunyar ɗan fari, ba su faɗin sunansa, ba su nuna masa so a gaban mutane, sau da yawa ma kakanni ne ke ɗaukar riƙonsa bayan yaye. A ɗaki guda a hawa na biyar, inda babu kaka babu abokiyar zama, dole uba ya ɗauki ɗan farinsa a kafaɗa ya sauka da shi, dole uwa ta yi masa wasa da kanta. Wannan ba zubar da al'ada ba ne, larurar zaman baƙunci ce, kuma hoton da ya kama ta yana adana wani ɓangare na tarihin iyalin Bahaushe da ba a rubuta a littafi ba, ko da masu shi za su ji nauyin nuna wa surukai.

Ta fuskar aiki, babbar matsalar unguwar ita ce haske. Fitilar kyamara tana sa fatar baƙin mutum ƙyalli, ta kuma firgita yaro ya bar abin da yake yi, don haka ya fi kyau a kashe ta, a bar hasken taga ko na ƙofar shago ya faɗo wa fuska daga gefe, mai ɗauka ya tsuguna daidai tsayin yaron, ya taɓa fuskar a kan allon waya domin na'urar ta auna haske da ita, ba da farin bangon da ke baya ba. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ke ƙerawa, sun samu karɓuwa a Afirka ne a wani ɓangare saboda an daidaita kyamararsu da baƙar fata, abin da masana'antar hoto ta daɗe tana sakaci da shi.

Sai batun izini, wanda ba a wasa da shi. Yaro baƙar fata a titin ƙasar Sin yakan ja ido, wani lokaci a ɗauke shi hoto ba tare da an tambayi iyayensa ba. A watan Yuni na 2022 sashen binciken BBC Africa Eye ya fallasa wani Basine mai suna Lu Ke da ke ɗaukar bidiyon yara a Malawi, yana sa su furta kalaman ƙasƙanci da Sinanci ana sayarwa a intanet, lamarin da ya kai shi gaban kotu. Dokar farar hula ta ƙasar Sin da ta fara aiki a 2021 ta hana amfani da hoton mutum ba da yardarsa ba, kuma dokar kare bayanan mutum ta wannan shekarar ta sa bayanan yaron da bai kai shekara 14 ba cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Wannan nauyi ya hau kan iyaye su ma, domin hoton yaro yana wanka ko yana kuka na cikin gida ne, bai dace a watsa shi a dandalin sada zumunta ba.

Adanawa ce ke ba da wahala fiye da ɗauka. Daga 2014 hukuma ta tsaurara tsaro a Dengfeng ta kori masu kasa kaya a titi, a watan Afrilu na 2020 kuma, lokacin annobar korona, aka fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal, har kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gayyaci jakadan Sin ya nuna masa ɓacin rai. Adadin 'yan Afirka a Guangzhou da hukuma ta bayar ya sauko daga 13,652 a ƙarshen 2019 zuwa 4,553 a watan Afrilu na 2020. Wanda ya tashi cikin gaggawa ba ya tsayawa neman tsohuwar waya. Manhajar WeChat tana rage ingancin hoto in ba a zaɓi tura na asali ba, kuma wanda ba a sauke ba yakan ɓace bayan wani lokaci, WhatsApp kuwa an toshe shi a ƙasar tun 2017, sannan danshin watannin Maris da Afrilu a Guangzhou, lokacin da bango kan yi gumi, yana sa katin hoto fumfuna. Abin da ya fi aminci shi ne a riƙa wanke kaɗan daga cikin hotunan kowace shekara, a rubuta sunan yaro da na titi da shekara a baya, a liƙe su cikin leda, a ba wani amintaccen ɗan kasuwa mai komawa gida ya kai wa kaka ta ajiye.