Dodannin Da Ke Kwance A Ƙarƙashin Ƙasarmu

Yaranmu na Rano da Kibiya, kamar takwarorinsu na ko'ina, sun kamu da sha'awar wani mugun naman daji mai kama da zaki, mai fiƙoƙi biyu zaƙo-zaƙo kamar wuƙaƙe, wanda masana ke kira Smilodon. Ya ƙare a doron ƙasa kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, kuma an fi tono ƙasusuwansa a ramukan kwalta na La Brea da ke Amurka. A fina-finai da wayoyin hannu yaran suke ganinsa.

Ni dai ban ga laifin wannan sha'awa ba, domin tunani ne a kan halittar Ubangiji. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Mai karatu, ko ka san teku ya taɓa malale ƙasar Sakkwato? A cikinsa ne wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai farauta ya rayu, fiye da shekaru miliyan 66 da suka shuɗe. Masanin Birtaniya W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwansa a 1930, sannan a 1972 masanan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, wato sunan Goronyo ya ci. A Gadufawa ta Jamhuriyar Nijar kuwa, an tono kadan nan Sarcosuchus, wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita 1.5. Faransawa ne suka sa masa suna a 1966, kana Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya tono ƙarin ƙasusuwansa a 2000.

Duwatsunmu na Rano ba sa adana ƙashi, domin narkakken dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa. Lakar tsohon teku da yashin tsofaffin koguna ke adana shi, kuma Allah Ya hore wa yankin Sakkwato da Nijar irinsu.

Sai dai a lura, duk masanan da na ambata baƙi ne. Ina namu 'ya'yan? Ya kamata jami'o'in Bayero da Usmanu Danfodiyo su ɗauki wannan fanni da muhimmanci, malaman sakandare su riƙa ba ɗalibai labarin Goronyo, Gidan Makama kuma ya nemo kwafin ƙasusuwan domin yara su gani da idonsu. In ba haka ba, tarihin ƙasarmu a bakin wasu za mu ci gaba da jin sa. Allah Ya sa mu farga.