Ledar Kare Fentin Mota: Wa Take Amfana, Wa Take Cuta?

A 'yan shekarun nan wuraren gyaran jikin mota a manyan biranen Najeriya sun shigo da wata sana'a, wato manna wa mota wata leda mai garai-garai da suke kira PPF. Masu tallarta kan ce da zarar an liƙa ta, mota ta yi sallama da ƙarzuwa da dushewa har shekara goma. Ledar ba damfara ba ce, tana aiki. Sai dai aikinta ya rataya ne a kan abubuwa uku: ledar ta zama ta asali, fentin da ke ƙarƙashinta ya zama lafiyayye, mai liƙawar kuma ya zama gwani. In ɗaya ya faɗi daga cikin ukun nan, mai mota ya biya kuɗi ne ya sayo wa fentinsa ɓarna.

Ledar ta samo asali ne daga aikin soja. A lokacin yaƙin Biyetnam, yashi da tarkace suna cinye fukafukan jiragen sama masu saukar ungulu na Amurka, sai kamfanin 3M ya ƙera wata leda mai ƙarfi da ake naɗe bakin fukafukan da ita. Daga baya masu tseren motoci suka ɗauka, sannan ta shigo kasuwar motocin gida. Yau manyan masu yin ta sun haɗa da 3M da XPEL da SunTek da STEK. Ta asalin ana yin ta ne da wani nau'in roba da ake kira TPU, kaurinta kuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita, wanda ya ɗara kaurin dukan fentin da kamfani ke fesa wa yawancin motoci. Hawa uku gare ta: gam a ƙasa, roba mai shanye bugu a tsakiya, da wani siririn shafe a sama wanda ƙananan ƙarce-ƙarce ke ɓacewa daga kansa idan zafin rana ko ruwan ɗumi ya taɓa shi.

Abin da take karewa sananne ne: tsakuwar da tayar tifa ko tirela ke fello wa gaban mota a babban titi, yashin da iska ke watsawa, ƙarcen ƙaya, kashin tsuntsu da ƙaron bishiya. Ba ta hana lotsewa idan mai Keke Napep ya goga maka, ba ta tare ƙusa ko wuƙa, ba ta kuma gyara fentin da ya riga ya mutu. Nan ne wasu ke rikita masu saye, domin akwai abubuwa biyu da ake tallatawa kusa da ita. Ɗaya shi ne seramik, ruwa ne da ake shafawa ya daskare, yana sa ƙyalli da sauƙin wanki, amma siririntarsa ba ta isa ta tare tsakuwa ba. Na biyu ledar sauya launi ce, ta fi ta kariya siranta, an yi ta ne don ado. Duk wanda ya karɓi kuɗin PPF ya ba ka ɗaya daga cikin biyun nan, ya cuce ka.

Rabin darajar wannan aiki tana hannun mai liƙawa. Gwani yakan fara da wanke motar tas, ya cire kwalta da maiƙo, ya goge fentin da inji har ƙananan tabo su fita, domin duk abin da leda ta rufe ya zauna ke nan. Sannan ya fesa ruwan sabulu a jikin motar da bayan ledar don ta riƙa zamewa, ya daidaita ta, ya bi ta da ɗan faifan roba yana matso ruwan daga tsakiya zuwa gefe, ya lanƙwasa bakinta ta cikin bonet da ƙofa don kada datti ya samu mashiga. Duk wannan a rufaffen ɗaki ake yin sa. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta faɗa kan gam za ta fito kamar ƙurji a saman bonet har ranar da za a ɓare ledar, saboda haka wanda ke liƙa ta a ƙarƙashin rumfar kwano a tsakiyar hunturu ya san abin da yake sayar maka. Sai kuma batun yanka. Manyan wurare suna da injin da kwamfuta ke sarrafawa, yana yanko ledar daidai da sigar kowace mota. Wasu kuwa da reza suke yankawa a jikin motar. Hannun da ya ƙware yana iyawa, wanda bai ƙware ba yakan tsaga fentin, kuma ba za a gani ba sai bayan shekaru, lokacin da tsatsa ta bi layin.

Sharaɗin fenti shi ne ya fi shafar masu mota a nan. Yawancin motocin da ke titunanmu tokumbo ne, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, kuma da dama daga cikinsu an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari a Amurka, aka buga, aka cike da fila, aka fesa sabon fenti kafin su iso hannun dillali. Fentin kamfani ana gasa shi ne a zafin da ya kai wajen digiri 140 tun motar tana ƙarfe zalla, shi ya sa yake kama jiki sosai. Na gareji ba ya samun wannan gashin. Idan aka liƙa leda a kan fentin gareji mara inganci, ranar cirewa gam ɗin na iya tasowa da fentin. Ko fentin mai kyau ne, sai an ba shi aƙalla wata guda ya bushe sosai. Mai aikin kirki yana da 'yar na'urar auna kaurin fenti, zai ɗora ta a kowane ɓangare ya gaya maka inda aka taɓa fesawa tun kafin a yi ciniki.

Farashi a naira ba ya tsayawa wuri ɗaya, tunda daga waje ake shigo da ledar, dala ce ke juya ta. Amma a Amurka rufe gaban mota gaba ɗaya, wato bamba da bonet da madigadi da madubin gefe, yakan ci tsakanin dala 1,500 da 2,500, rufe dukan jiki kuwa yakan kai dala 5,000 zuwa 8,000. Wani zai ce ai a nan kuɗin aikin hannu da sauƙi, da kuɗin ledar nan za a sake fentin mota sau da yawa. Wannan magana gaskiya ce, kuma ga mai tsohuwar mota da aka riga aka taɓa fesawa ita ce hukuncin ƙarshe: ya riƙe kuɗinsa. Lissafin yana sauyawa ne ga mai sabuwar mota mai tsada, domin dillalai da masu saye suna bambanta motar da suke kira fas bodi da wadda mai fenti ya taɓa, kuma fentin kamfani in ya tafi ba ya dawowa. Ko shi ɗin ma, in yawan tafiyarsa a babban titi ne, gaban motar ne ke shan jifa, don haka rufe gaban kaɗai ya ba shi mafi yawan amfanin a kan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ko ƙasa da haka.

Wani kuma zai ce to a sa mai araha mana, ai ta fi babu. Ba ta fi ba. Ledar da aka yi da PVC ko makamancinta ba ta jure rana. Cikin shekara ɗaya zuwa uku takan koma ruwan ɗorawa, abin da ya fi muni a farar mota, sannan ta bushe ta tsattsage. Lafiyayyar leda ana ɗumama ta ne a ɓare ta a dunƙule, amma wadda ta ƙone sai dai a yi ta kankara guntu-guntu, gam ya maƙale, a biya kuɗin cirewa, wani lokaci a ƙare da sake fentin da aka gudu tun farko. Araha ba ta ado. Ita ma ta asalin ba ta dawwama. Tsawon ranta shekara biyar zuwa goma ne, kuma motar da ke yini a ranar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ta fi kusa da biyar ɗin, bonet da rufi su ne farkon gajiya. Garantin shekara goma da manyan kamfanoni ke bayarwa yana rufe lahanin ledar ne, kamar sauya launi da tsagewa da kumbura. Bai shafi hatsari ko mugun wanki ba, kuma galibi sai wakilin da suka amince da shi ne ya liƙa.

Kulawa tana ƙara mata kwana. A bar motar mako guda ba wanki bayan liƙawa. A hana yaran wankin mota goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, a fara zuba ruwa. Kada a matso da bakin injin feshi kusa da gefen ledar, yana ɗaga ta. Fetur ko kashin tsuntsu ya zuba, a goge nan take.

Kafin ka miƙa makulli, ka nemi a nuna maka kwalin ledar da sunan kamfaninta, a rubuta sunan da tsawon garantin a rasit, a auna fentinka a gabanka, ka leƙa ɗakin da za a yi aikin, ka kuma nemi ganin motar da suka liƙa wa shekara biyu da suka wuce, domin sabuwar leda kowace iri ce tana ƙyalli. Wurin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ka ja motarka ka tafi.