KUNNE YA GIRMI KAKA: TARBIYYAR SAURARE GA YARA MASU KOYON KIƊAN FADA A ƘASASHEN MAFARA DA BAKURA DA MARADUN

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayani a kan wani sashe na koyon kiɗa da waƙa wanda ba a cika kula da shi ba, watau yadda ake horar da kunnen yaro tun kafin a horar da hannunsa ko bakinsa. Mun zaɓi ƙasashen Talatar Mafara da Bakura da Maradun, a cikin Jihar Zamfara, domin kuwa nan ne ɗaya daga cikin wuraren da kiɗan kotso ya yi kaka-gida, kuma daga nan ne aka sami waɗansu daga cikin mashahuran makaɗan fada na ƙarni na 20.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a da can gidan makaɗi da zaman gari su ke tarbiyyar kunnen yaro ba tare da wani ya tsara ba. Yanzu kuwa da wuraren da ake samun wannan tarbiyya suka ragu, ya zama wajibi ga duk makaɗin da ya ɗauki yaro yana koya masa sana'a ya gina wannan ɗabi'a da niyya, in ba haka ba za a wayi gari da masu buga kotso da yawa, amma babu makaɗi.

2.0 Bambancin Ji Da Saurare

Ya kamata tun farko mu rarrabe tsakanin ji da saurare. Ji ba ya bukatar niyya. Wanda ke tafiya cikin kasuwar Mafara ranar Talata yana jin hayaniyar 'yan tireda da kukan dabbobi da waƙar da ke tashi daga rumfar mai cajin waya, ko yana so ko ba ya so. Saurare kuwa aiki ne: mutum ya karkata hankalinsa ga sauti ɗaya, ya bi shi, ya riƙe shi, har ya iya maido da shi ko ya faɗi inda ya kauce. Kowane mai lafiyar kunne yana ji, amma saurare sai an koya. Shi ne kuma jarin makaɗin baka, tun da yake ba shi da takardar da zai duba. Littafinsa kunnensa, ma'ajiyarsa kuma ƙwaƙwalwarsa.

3.0 Gidan Makaɗi A Matsayin Makaranta

Tarihin makaɗan wannan yanki ya isa shaida. An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a Ɗankadu ta ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, ya kuma yi zamansa a ƙasar Maradun. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, haka ma wansa Abdu Kurna. Ɗanƙwairo ya daɗe yana bin su yana yi musu amshi, ya kuma goge a kiɗan noma, kafin ya zama jagora mai cin gashin kansa, har ya kai ga yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa. Ya rasu a shekarar 1991. Haka nan Sa'idu Faru, wanda ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa, mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, kuma shi ma gadon kiɗa ya yi. Ya shahara da waƙoƙin da ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe ƙasar Talatar Mafara tun daga shekarun 1950, daga bisani ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da ya fara da jagoranci. Hanyar da ɗan makaɗi ke bi a al'adance tana da matakai, waɗanda za mu iya kasawa huɗu:

(a) Matakin rakiya. Yaro yana ɗaukar kayan kiɗa, ya bi manya zuwa fada ko gona ko gidan biki, ya zauna a gefe. Ba a tambayarsa komai, ba ya kuma taɓa komai. A ido kamar aikin bauta ne, alhali kuwa a nan ne kunnensa ke cika.

(b) Matakin riƙe bugu. Ana ba shi ƙaramin abin kiɗa, ko a sa shi tafi, ya riƙe bugu ɗaya tak ba tare da ya gaggauta ko ya yi nawa ba, komai adon da manya ke yi a kansa.

(c) Matakin amshi. A nan yake shiga sahun masu maimaita gindin waƙa, sannu a hankali kuma ya koyi karɓar ɗan waƙa daga bakin jagora ya ƙarasa masa.

(d) Matakin jagoranci. Sai bayan shekaru ake sakar masa ya ƙulla tasa waƙar.

In muka duba da kyau, matakai uku na farko duk horon kunne ne. Wannan tsari bai zama baƙo ga Bahaushe ba, domin ko a makarantar allo sai malam ya biya wa almajiri ya ji da kunnensa, sa'an nan ya koma yana maimaitawa. A wata nahiya ma an gano haka. Shinichi Suzuki, wani malamin goge irin na Turawa a ƙasar Japan, wanda ya rasu a 1998, ya lura cewa kowane yaro yana iya harshen uwarsa ne saboda yawan jin sa, sai ya gina hanyar koyarwarsa a kan cewa yaro ya riƙa sauraren kiɗan da zai koya kullum tun kafin ya fara kaɗa shi. Abin da Suzuki ya tsara a makaranta, shi ne gidajen makaɗanmu suka daɗe suna yi ba tare da sun raɗa masa suna ba.

4.0 Abubuwan Da Kunne Ke Nema

To, mene ne ainihin abin da yaro ke koyon kamawa? A ganinmu abubuwa huɗu ne.

Na farko shi ne karin sauti da tsawon wasali. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Kalmar "wuya" tana iya nufin gaɓar jiki ko kuma wahala, "kuka" tana iya zama itaciya ko zubar da hawaye, kuma karin murya ne ke raba su. Haka nan tsawon wasalin farko da karinsa su ke raba "gari" na zama da "gari" na tuwo. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka yaron da ya koyi waƙa daga takarda ya sami gangar jikinta ne kawai. Bugu da ƙari, kotso da kalangu suna kwaikwayon wannan hawa da sauka ta hanyar matsa tsarkiya da sassauta ta, da haka ne ake kaɗa taken basarake har a gane wanda ake nufi. Hannu ba zai faɗi abin da kunne bai rarrabe ba.

Na biyu shi ne ma'auni. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓoɓi take tafiya, mai nauyi da marar nauyi, kuma dole su zauna daidai a kan bugun kiɗa. Mawaƙin da kunnensa bai nuna ba zai cusa kalmar da ta fi ƙarfin gurbinta, sai a ji waƙa tana ɗingishi.

Na uku shi ne sanin mashiga. Duk wanda ya saurari ƙungiyar Ɗanƙwairo, ko ta Ibrahim Narambaɗa na ƙasar Isa, zai ji yadda jagora ke ɗauko zance ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa kamar da baki ɗaya. Ba a yin wannan da ƙidaya. Ɗan amshi yana sauraren numfashin jagora da yadda ya karya murya ne, ya san cewa nan ne gurbinsa.

Na huɗu shi ne ma'ana. Waƙar fada cike take da kirari da tarihin zuriya da habaici da zambo, kuma da karin harshen Zamfara ake yin ta, inda za a ji "hwada" a maimakon "fada", da "wanga" a maimakon "wannan", da "yat tahi" a inda Bakano zai ce "ya tafi". Yaron da bai san wanda ake yabo da wanda ake yi wa zambo ba, yana iya ɗaukar ɗan waƙar da aka yi domin muzanta abokin hamayya ya rera shi a gaban jikokin wanda aka muzanta. Irin wannan kuskure yana iya raba makaɗi da ubangidansa.

5.0 Abin Da Ya Sauya

Dalilai uku suka raunana wannan tsohuwar makaranta. Na ɗaya, tun daga gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ikon sarakuna da abin hannunsu suka ragu, ɗaukar nauyin ƙungiyar makaɗa kuwa sai mai hali. Na biyu, gayyar noma, wadda a cikinta yara da yawa suka fara jin ganga tana magana, ta ja baya a wurare da dama saboda aikin ƙodago da injuna. Na uku, kuma mafi ciwo, shi ne rashin tsaron da ya addabi Zamfara fiye da shekara 10, wanda ya sa tafiyar dare da taron ƙauye suka zama abin tsoro. A shekarar 2021 har kasuwannin mako sai da aka rufe na wani lokaci a jihar, aka kuma katse layukan waya. Yaron da ba ya rakiya ya rasa matakin farko ɗungurungum.

A ɗaya gefen kuma, ba a taɓa samun zamanin da sauti ya yawaita kamar wannan ba. Daga rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, zuwa kaset, zuwa wayar hannu, muryoyin magabata sun zo tafin hannun kowa. Wannan alheri ne, domin yaron da aka haifa bayan rasuwar Ɗanƙwairo yana iya jin sa duk sa'ad da ya so. Amma waya tana koyar da ji ne, ba saurare ba. Yaro yana tsallakawa daga wannan waƙa zuwa waccan kafin a kai ɗa na biyu, kuma mafi yawan abin da ke shiga kunnensa kiɗan fiyano ne, wanda na'ura ke riƙe masa bugu ta kuma gyara masa murya. Ba mu ce wannan kiɗa aibi ne ba. Abin da muke cewa shi ne, ba ya tilasta wa kunne aikin da kotso ke bukata.

6.0 Shawarwari Ga Mai Koyarwa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba makaɗin da ke koyar da yaro, da iyayen yaron, waɗannan shawarwari:

1. A keɓe lokacin saurare kullum, ko da na minti 15 ne, a wurin da babu hayaniya, hannun yaro kuma babu abin kiɗa. Kaɗan kullum ya fi mai yawa jefi-jefi.

2. A tsaya a kan waƙa ɗaya har mako guda. Ranar farko a bi gindin waƙa kawai, ta biyu a bi kiɗa a manta da kalmomi, ta uku a bi 'yan amshi, ta huɗu a bi ma'ana, sauran kwanakin kuma a haɗa su duka.

3. A riƙa tambayar yaro bayan kowane zama: sau nawa aka koma gindi? A ina jagora ya saki zance? Wa ake yabo, da wa kuma ake yi? Tambaya ita ke mai da ji ya zama saurare.

4. A riƙa tsayar da waƙa a tsakiyar ɗa, a ce yaro ya ƙarasa. Haka nan malam ya kaɗa take da kotso, yaro ya fassara da baki, sa'an nan su yi musanya.

5. Baki ya riga hannu. Kada a bari yaro ya kaɗa abin da bai iya furta shi da baki daidai ba.

6. A ɗauki muryar yaron da waya a mai da masa ya ji, a bar shi ya gano kuskurensa da kansa kafin a faɗa masa.

7. Duk sa'ad da hali ya yi, kamar lokacin hawan salla ko naɗin sarauta a cikin gari, a tafi da shi ya ji kiɗa a muhallinsa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma akwai abin da faifai ba ya ɗauka: yadda makaɗi ke karanta fuskar basarake ya sauya ɗan waƙa nan take.

8. A haɗa shi da dattawan da suka san tarihin gidajen sarautar Mafara da Bakura da Maradun, domin su warware masa sunaye da kirarin da yake ji.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bambanta ji da saurare, mun nuna cewa mafi yawan shekarun koyon kiɗan fada a wannan yanki na horon kunne ne, mun kuma kawo dalilan da suka raunana wannan horo da hanyoyin da za a bi a farfaɗo da shi. Manazarta sun yi nasu ƙoƙari wajen adana wannan fanni, tun daga ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King na 1971, har zuwa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau na 1993. Amma littafi da faifai suna adana abin da aka riga aka yi ne, ba su haifar da sabon makaɗi. Wannan sai a kunnen yaro, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka muna kira ga sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu da kwalejojinmu da su kusanci gidajen makaɗan da suka rage a waɗannan garuruwa, su rubuta yadda suke koyar da 'ya'yansu, ba waƙoƙinsu kaɗai ba, tun masu wannan sani suna raye.